Akuyar da ta sha ruwan rini

Malam, ka ce akuyarka ta sha ruwan rinin masana'anta a kwalbatin Sharaɗa, unguwar masana'antu a Kano, shin sinadarin zai zauna a jikinta? Yawancinsa yana fita ta kashi da fitsari. Sai dai rinin zamani irin na azo, bakteriyar tumbi da hanji ke farfasa shi, ɓurɓushin ya shiga jini, hanta ta sarrafa, ƙoda ta tace. Wasu ɓurɓushin nan sun fi rinin kansa illa.

Abin tsoron shi ne sha kullum. Awakina da suka saba da kwalbatin, sai rama, gashi ya tashi. Ka ɗaure akuyar taka, ka wadata ta da ruwa mai tsabta, kuma kada yara su sha nononta sai likitan dabbobi ya duba ta.