Wane ƙwan fitila ya dace da ƙadangare mai gemu a Gombe?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ina zaune a Gombe, ina da ƙadangare mai gemu ɗan wata bakwai da aka kawo mini daga Legas. Wanda ya sayar mini ya ce tunda ƙasarmu ƙasar rana ce, ba sai na sayi wata fitila ta musamman ba, in ajiye akwatinsa na gilashi a bakin taga ya wadatar. Da hunturu ya shigo na sa masa jan ƙwan nan na ɗumama 'yan tsaki, yana kunne dare da rana. Yau mako biyu ke nan ya rage cin abinci, ƙafafunsa na baya suna rawa, kuma jan ciki yake yi maimakon ya ɗaga jikinsa. Hankalina ya tashi. Wane ƙwai zan saya, na wat nawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kana da dalilin tashin hankali. Rawar ƙafa da jan ciki a ƙadangare mai tasowa alamun ciwon laushin ƙashi ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma yawan wat ɗin ƙwai ba shi zai warware wannan ba. Fitila biyu dabbar nan take buƙata, kowace da aikinta: ɗaya ta zafi, ɗaya ta hasken UVB, wato wani sashe na hasken rana da idon mutum ba ya gani. A yanzu kana da ta zafi da ba ta dace ba, ta UVB kuwa babu ita sam.

Bari mu sallami maganar zafi tukuna, don ita ce mai sauƙi. Cire jan ƙwan nan yau. An yi shi ne don ɗumama ɗakin kaji, yawancinsa wat 150 zuwa 250 ne, ya yi wa akwati ƙarfi, kuma ƙadangaren yana ganin jan haske sarai, don haka tun da ka kunna shi bai samu duhun barci ba. Abin da ya dace shi ne farin ƙwan halojin mai baza haske, irin wanda ake rubuta wa PAR38 ko PAR30. In bai samu ba, tsohon ƙwai mai zare a ciki yana aiki. Ƙwan LED da ya cika shagunan lantarki yanzu haske ne kawai, ba ya ba da zafin da ake nema. Doguwar halojin ta tsaron gida mai wat 500 kuma kada ma ta zo kusa da akwatin.

Ka rataye ƙwan a gefe ɗaya, daga sama, ya haska kan faffaɗan dutse ko kututture. Zafin da ake so a saman dutsen digiri 40 zuwa 42 ne, ɗaya gefen akwatin kuma ya tsaya tsakanin 24 da 29, don dabbar ta samu inda za ta gudu in ta ƙoshi. A akwatin da bai kai santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi ba, wannan bambancin yana da wuyar samuwa, kuma girman da babba yake buƙata ke nan ko ta yaya. Batun wat kuwa, babu lamba ɗaya da za ta yi maka shekara a Gombe. A Disamba da Janairu wat 75 kan isa, wani ɗakin sai 100. A Maris da Afrilu, lokacin da ɗaki mai rufin kwano yake haura digiri 35 da kansa, wat 40 ma na iya yin yawa, kuma wasu ranakun kashe ƙwan zafin za ka yi tsakar rana, ka nemi yadda za ka sanyaya ɗakin. Ma'auni ne zai gaya maka. Ka nemi ma'aunin zafi mai kama da bindiga wanda ake haskawa a kan dutsen, amma ba na auna goshin mutum ba, wancan an saita shi ne don jikin ɗan Adam. Ka ƙara da na dijital mai waya a gefen sanyi. Mai allura da ake mannawa a bango ado ne kawai. A haɗa ƙwan da tamostat, wato na'urar daidaita zafi, mai rage ƙarfin wuta, mariƙinsa kuma ya zama na tangaran, domin na roba yana narkewa.

Da dare a kashe komai. Ƙadangaren nan ɗan busassun yankunan tsakiyar Ostiraliya ne, inda dare yake sanyi, kuma saukar zafi zuwa digiri 18 ba ta cutar da shi. Sai in ma'auninka ya nuna ƙasa da haka a tsakiyar hunturu ne za ka sa ƙwan tangaran mai ba da zafi ba haske, shi ma a kan tamostat. Dutsen lantarki mai ɗumama ciki kuma ka bar shi a shago, ƙone musu ciki yake yi.

To, sai maganar da ta jefa dabbarka cikin wannan hali, wato wai ranar ƙasarmu ta wadatar, a ajiye a bakin taga. Wannan magana tana yawo a bakin masu sayar da dabbobi kamar karatu, kuma tana da daɗin ji don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Rana muna da ita, har ta yi mana yawa. Amma gilashin taga yana tare kusan duk hasken UVB. Haske yana wucewa, zafi yana wucewa, abin da fatar ƙadangaren take buƙata don haɗa bitamin D3 shi ne yake tsayawa a waje. Kai kuma gilashi biyu ka sa tsakaninsa da rana, na taga da na akwati. Idan babu D3, hanjinsa ba ya iya tsotsar kalsiyam daga abinci, ko da ka cika masa kwano da shi. Jiki kuwa ba ya haƙura da kalsiyam, saboda tsoka da zuciya da shi suke aiki, sai ya koma yana kwasa daga ƙashi. Daga nan rawar ƙafa take farawa, sannan muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su kumbura, baya da wutsiya su karkace, har ƙashi ya karye daga ɗan tsalle. Ɗan wata bakwai yana tsakiyar girma, shi ya sa abin ya bayyana da wuri.

Haɗarin taga bai tsaya nan ba. Akwatin gilashi da rana ta faɗa wa kai tsaye yana zama kamar motar da aka kulle tagoginta aka bari a fili da azahar. Babu sauran gefen sanyi, babu wurin gudu, kuma cikin ɗan lokaci dabbar ta mutu. Wato taga tana hana shi abin da yake buƙata, tana kuma iya ba shi abin da zai kashe shi.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne abin da ke biyo baya in mai dabba ya gane kuskuren ya shiga kasuwa neman fitilar UV. Mai shago ba zai ce ba shi da ita ba. Zai miƙo maka shuɗiyar fitilar gane jabun kuɗi, ko ta cikin na'urar kashe sauro, ya ce ai duk UV ne. Waɗannan UVA suke fitarwa, ba sa haɗa D3. Wani kuma ya ɗauko ta kashe ƙwayoyin cuta da ake sawa a na'urar tace ruwa, wadda UVC take fitarwa, tana ƙone ido da fata, na ƙadangaren da naka. Akwai kuma ƙananan ƙwayaye masu araha da ake tallatawa a intanet da rubutun UVA da UVB a jikin kwali, babu sunan kamfanin da za a kama, babu wanda ya auna abin da suke fitarwa. Mutumin da bai san bambancin waɗannan haruffa uku ba bai kamata ya sayar da dabbar da rayuwarta ta rataya a kansu ba, amma ga shi ana yi, ana karɓar kuɗi mai kauri, ana sallamar mai saye da cewa ai ƙadangare ne, ba ya mutuwa. Ƙadangaren da ke kan katangar gidanka yana ƙarƙashin rana ba shamaki tun safe, yana shiga inuwa in ya so. Naka yana cikin ɗaki, abin da ka rataya masa kaɗai yake samu.

Fitilar da za ka nema doguwa ce irin ta fuloresan, nau'in T5 HO, daga kamfanin da aka sani. Biyu da suka yi suna su ne Arcadia mai kashi 12 da ReptiSun 10.0 ta Zoo Med. Ta rufe kusan rabin tsawon akwatin, a gefe ɗaya da ƙwan zafi, domin yana shan ɗumi yana shan UVB a lokaci guda. Tazararta da bayan dabbar ta zama santimita 30 zuwa 40, da madubin mayar da haske a bayanta, babu gilashi ko roba a tsakani. Raga mai ƙananan idanu tana rage ƙarfinta sosai, don haka in da hali a rataye ta daga ciki. Ka rubuta ranar da ka fara kunna ta a jikinta, ka canza bayan wata 12, domin tana ci gaba da haske bayan UVB ɗinta ya yi rauni, ido kuwa ba ya ganin bambanci. Tsohon nau'in T8 wata 6 ne. Akwai ƙwai mai haɗa zafi da UVB wuri guda, amma ba a iya rage ƙarfinsa, kuma in ka kashe shi saboda zafin bazara ka kashe UVB tare, shi ya sa bai dace da nan ba.

In za ka yi oda daga waje, duba ƙarfin wuta kafin ka biya. Kayan Amurka na bolt 120 ne, tamu wutar 230 ce, kunnawar farko zai ƙone. Na Ingila da Turai sun dace da tamu. Duka fitilun biyu su yi awa 12 a kunne, 12 a kashe. Wat 75 da wat 24 sun tashi kusan 100, a awa 12 yunit 1.2 ke nan a rana, ka lissafa wannan a kan inbata ko solarka, don wutar NEPA kaɗai ba abin dogaro ba ce ga dabbar da ba ta narkar da abinci sai da ɗumi. Ranar da babu wuta kuma gari da sanyi, kada ka ba shi abinci mai yawa. Sitabilaiza ma tana rage yawan ƙonewar ƙwai.

Kafin fitilar ta iso, ranar gaskiya za ta taimaka. Ka fitar da shi tsakar gida da hantsi, minti 20 zuwa 30, cikin kejin raga da aka rufe rabinsa da inuwa, kana zaune kusa saboda kyanwa da shirwa. Kada ka fitar da shi cikin gilashi ko bokitin roba. In ya buɗe baki yana neman inuwa, ya isa.

Fitila dai ba za ta gyara abin da ya riga ya faru ita kaɗai ba. Ka kai shi asibitin dabbobi a wannan makon, ka gaya musu wata nawa ya yi ba UVB, a duba muƙamuƙinsa, in da hali a ɗauki hoton ƙashi, likita ya ƙayyade masa kalsiyam na sha ko na allura gwargwadon nauyinsa. Kada ka ɗura masa bitamin D na mutane, yawansa guba ne da ke lalata ƙoda. A gida ka sauke duk wani reshe mai tsawo don kada ya faɗo, ka rage ɗaukarsa, in ka ɗauka ka tallabe jikin gaba ɗaya, ka riƙa barbaɗa garin kalsiyam marar fosfaras a kan gyaren da kake ba shi. Rawar ƙafa takan lafa cikin 'yan makonni in aka kama abin da wuri, amma ƙashin da ya riga ya karkace haka zai zauna.