Amsa ga Yaya kan kemon Kawu da batun tsufan ƙwayoyin kansa

Assalamu alaikum. Yaya, ina wuni, ya mai jiki? Tun da hantsi na saurari muryarki, aiki ne yar riƙe ni. Kin ce an turo muku wani rubutu wai kemo, wato ruwan maganin kansa, ba ya kashe kansar hanji, tsofar da ita kawai yake yi ta dawo daga baya, shi ya sa kuke shawarar Kawu ya bar zagaye 4 da sunka rage mishi cikin 12. Don girman Allah kada a bari.

Akwai gaskiya cikin rubutun, amma rabinta anka ɗauko. Tsufan ƙwayoyin jiki abu ne sananne. Tun 1961 wani masani a Amurka, Leonard Hayflick, shi da abokin aikinshi sunka lura cewa ƙwayoyin jikin mutum in ana renonsu a ɗakin gwaji, sukan rabu kamar sau 50 sai su tsaya cak. Suna nan da rai, suna cin abinci, amma sun daina haihuwa.

To ruwan da ake ƙara wa Kawu duk bayan mako biyu, wanda likitoci ke ce ma Folfox, akwai magunguna irin su 5-FU da oxaliplatin a ciki. Aikinsu su ɓata DNA, wato sinadarin gado, na ƙwayar kansa ko su hana ta gina sabo. Da yawa mutuwa suke yi, wannan rubutun bai faɗa ba. Wasu kuma ba su mutuwa, sai su taka birki, da wasu sinadarai da ake kira p53 da p21. Ƙwayar sai ta kumbura ta baje, in an sa mata wani rini a ɗakin gwaji ta koma shuɗiya. Gashin na'ura da ake yi wa masu kansar dubura ma yana jawo haka.

Shin wannan alheri ne? Da farko dai e. Ƙwayar da ba ta rabuwa ba ta ƙara wa ƙari girma. Kuma tana fitar da wasu sinadarai masu kiran sojojin jiki su zo su share ta. Matsalar ita ce in ta daɗe ba a share ta ba. Kamar dattijon da yad daina zuwa gona ne amma bakinshi bai mutu ba, yana zaune ƙofar gida yana zuga yara. Sinadaran nan, irin su IL-6 da IL-8, suna kawo kumburi, suna iya ƙarfafa maƙwabtanta da ba su tsufa ba. Sannan 'yan kaɗan daga cikin tsofaffin ƙwayoyin kan farka su ci gaba da rabuwa. Kin san gaiwa a fadamar Rima, yadda take shigewa cikin laka duk rani, ka rantse babu komi wurin, ruwa na sauka ta fito. An ga irin haka, mafi yawa a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye.

Yanzu ki duba da kyau, Yaya. An riga an yi wa Kawu aiki an cire ƙarin. Kemon ga na farautar ɓurɓushin da hoto ba ya iya gani ne. In an tsaya a tsakiya, ba tsofaffin kaɗai za a bari ba, har da masu jini a jika da ke rabuwa dare da rana. Su ne abin tsoro na kusa.

Batun maganin share tsofaffin ƙwayoyi kuma, bincike ne da ke gudana. A 2015 masana a Mayo Clinic sunka nuna wani magani, dasatinib, da wani sinadari, quercetin, na kashe irin waɗannan ƙwayoyi. Akwai kuma navitoclax, amma yana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Babu ko ɗaya da anka amince a ba mai kansar hanji a asibiti don wannan aiki. Na faɗi haka ne don quercetin akwai shi cikin albasa, kuma mu nan albasa buhu-buhu muke da ita. Kawu ya ci a miya, lahiya lau, amma ba magani ba ce. Duk wanda yaz zo da kwalba yac ce ita ce mai wanke tsofaffin ƙwayoyi, kada a saya, kada a ba shi komi ba da sanin likitanshi ba.

Mutuwar yatsu da yake kuka da ita, da zafin da yake ji in ya taɓa ruwan sanyi, wannan oxaliplatin ne. A gaya wa likita ranar zuwa, yana iya rage shi ko ya cire shi a ci gaba da ɗayan. Bayan an gama kuma akwai gwajin jini na CEA, mai nuna alamar dawowar kansar, duk wata 3 zuwa 6, da hoto, da duba hanji da kyamara kamar shekara ɗaya bayan aiki, a yi ta bibiya har shekara 5. Da haka ake kama gaiwar in ta motsa.

In sha Allahu zan shigo bayan la'asar, ki aje mini katinshi da takardun gwajin jini na ƙarshe in duba. A gaishe da Inna.