Da gaske ne ba a iya taɓa ɗan majalisa sai ya sauka?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ɗan majalisar wakilai na mazaɓarmu, tun da ya hau kujera sai ƙarin aure da gine-gine. Mu kuwa rijiyar burtsatsen da aka ce an sa mana a kasafi, har yau da jarka yaranmu ke zuwa rafi. An ce yana da rigar kariya. Haka za mu zuba ido?

Amsa: Malam, maganar aurensa ka ajiye ta gefe, doka ba ta hana shi ba. Dukiyar ce abin dubawa, domin wajibi ne ya bayyana wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kadarorinsa, da na matansa, da na 'ya'yansa 'yan ƙasa da shekara 18, a farkon wa'adi da ƙarshensa.

Batun rigar kariya kuwa, wallahi na gaji da jin sa. Kusan kullum sai wani ya zauna a ofishina ya maimaita min shi, har da masu digiri. Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 mutum huɗu ya rufe: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna, mataimakin gwamna. Babu sanata, babu ɗan majalisa. Kariyar da yake da ita ta abin da ya furta ne a zauren majalisa ko a kwamiti. 'Yan koren siyasa ne ke yaɗa wannan magana a majalisun unguwa don jikin mutane ya yi sanyi, kuma tana cin mutane, sai mai hujja a hannu ya naɗe ta ya koma gida.

Farouk Lawan yana kan kujerar majalisar wakilai ta Bagwai da Shanono aka gurfanar da shi a 2013, kan dala 500,000 da ya karɓa lokacin binciken tallafin mai. A 2021 kotu ta ɗaure shi, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shekara 5 a 2024. Wace riga ce ta kare shi?

Kiranye kuma, wato masu zaɓe su sauke wakilinsu kafin wa'adinsa ya ƙare, sashe na 69 yana neman sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar. Na Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma a matakin tantancewa ya ruguje a 2018. Duk wanda ya ce ku haɗa kuɗi zai yi muku shi, ku riƙe aljihunku.

Ku samo layin rijiyar a cikin kasafi da sunan ma'aikatar da aka ba aikin, ku ɗauki hoton filin, ku kai wa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a rubuce. Tun 2019 take bin sawun ayyukan mazaɓu.