Tambaya da Amsa: Auna Zafin Kan Silinda a Tsohuwar Kombi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Volkswagen Kombi mai inji a baya, wadda na gada daga mahaifina, kuma da ita nake ɗaukar kaya daga Kantin Kwari zuwa Zariya. Sau biyu ke nan bawul yana ƙonewa ba tare da wata alama ta nuna mini ba, tunda motar ba ta da lagireto balle agogon zafi. Ta yaya zan san inji ya yi zafi kafin ya yi ɓarna? Daga wani mai karatu, Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bari. Injin motarka iska ce kaɗai ke sanyaya shi, fanka tana hura ta a kan silinda huɗun da ke kwance biyu-biyu, kuma wurin da zafi ya fi taruwa shi ne kan silinda, wanda makanikai ke kira tof-silinda. Da yake na alminiyom ne, idan zafi ya wuce kima sai mazaunin bawul ya saki, ko kuma ya tsage tsakanin ramin filogi da bawul. Wasu suna dogara da zafin baƙin mai, amma shi a makare yake ba da labari, domin kan silinda yana iya ɗaukar zafi cikin daƙiƙu kaɗan a kan hawa alhali man bai nuna komai ba.

Abin da kake bukata shi ne agogon zafin kan silinda. Yana zuwa da waya mai ɗan zobe a bakinta, wanda ake zura filogi a ciki kafin a ɗaure shi, yadda zoben zai zauna daram a jikin ƙarfen. A sa shi a silinda ta 3, wato ta hagu daga can ciki idan kana tsaye a bayan motar, domin a injinan da aka ƙera kafin 1971 abin sanyaya baƙin mai yana tare mata iska, shi ya sa bawul ɗinta ya fi saurin ƙonewa. Ina roƙonka kada ka bari a yanke wayar ko a yi mata ƙari da wayar lantarki ta gama-gari, domin ƙarafa biyu ne na musamman a cikinta, kuma da zarar an sauya su lissafin ya rushe.

A tafiya ta yau da kullum, digiri 150 zuwa 190 a ma'aunin Salshiyos ba abin damuwa ba ne. Idan allura ta haura 200 ta zauna a can, ka sassauta totur, ka sauko giya ɗaya domin fanka ta ƙara gudu. Idan kuwa ta doshi 230, ka tsaya.

Akwai wani abin da ya shafe mu a Kano musamman, kuma shi na fi so ka riƙe. Agogon mai araha bambanci yake aunawa tsakanin zafin filogi da zafin wurin da wayar ta ƙare, kuma an saita shi ne a kan yanayi mai kimanin digiri 21. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke kaiwa 40, irin wannan agogo zai nuna maka ƙasa da gaskiya da wajen digiri 20, ka ga 185 alhali inji ya haura 200. Saboda haka ka nemi agogon da ke gyara wannan bambanci da kansa, ko kuma ka riƙa ƙara 20 a zuciyarka a lokacin bazara.

Agogo dai faɗa maka zai yi, ba zai sanyaya inji ba. Ka buɗe ƙofar injin ka duba robar da ta kewaye shi da faranten kwanon da ke rufe silinda, domin makanikai da yawa suna jefar da su bayan aiki, sai iska mai zafi ta ƙarƙashi ta riƙa komawa cikin fanka. Na taɓa ganin injin da ƙurar hunturu da baƙin mai suka daskare a tsakanin haƙarƙarin silindarsa kamar laka, sai da aka sa tsinke aka ƙwaƙule. A duba fambel, a duba taimin da kafireto, a kuma saita tazarar bawul a kan milimita 0.15 da safe, inji yana da sanyi, kafin a tayar da shi.