Amsa ga ƙanwarmu mai shakkar fara rubutu

Malama, kin tambaya ko ya dace mutum ya riƙa rubutu a Facebook alhali iliminsa bai taka kara ya karya ba, ko kuwa ya jira sai ya ƙware. Na daɗe ina rubutu kan tarihin ƙasar Sakkwato, kuma matsayata ita ce ki rubuta, amma kowace magana ki faɗi inda kika samo ta.

A garin nan ma muka gaji wannan ɗabi'a. Malam Abdullahi na Gwandu, duk da zurfin iliminsa, a 1812 ya rubuta Ida'un Nusukhi don ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a gabansu da littattafan da ya karanta, har da wansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Bai ga faɗuwar girma ba don ya ce wane ne ya koya mini.

Shi ya sa ba na cakuɗa abin da na karanta da abin da wani dattijo ya faɗa mini a Wurno, balle ra'ayin kaina. Kowanne ina kiransa da sunansa. Dalili kuwa, rubutun intanet ba ya zama inda kika ajiye shi. Wani zai ɗauki hotonsa ya watsa a WhatsApp, gobe ki ji yaro yana kafa hujja da hasashenki kamar nassi. Wannan nauyin yana damuna ƙwarai.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu buɗe rubutu da "ni ɗalibi ne", su rufe da "Wallahu a'alamu", amma da an yi musu gyara sai zagi da toshe mutum. Ana gane tawali'u ne ranar da ƙaramin yaro ya gyara miki shekarar rasuwar Sarkin Musulmi Bello, kika koma kika sa 1837, kika gode masa a bainar jama'a. An ruwaito cewa Imamu Malik an yi masa tambayoyi 48, ya amsa 32 da "ban sani ba".

Tunda kin ce tarihin mata ne ke ranki, fara da Nana Asma'u da 'Yan Taru, wato ƙungiyar karantar da mata da ta kafa. Ki leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ki kuma zauna da tsofaffin mata na unguwarku, ki nemi izininsu kafin ki sa maganarsu.