Hukuncin aiki da ƙungiyoyin duniya masu yaƙi da cin zarafin mata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta fannin shari'a, kuma wata ƙungiya ta ƙasa da ƙasa mai kare matan da aka yi wa fyaɗe ko duka ta ɗauke ni aiki. Akwai tafiye-tafiye zuwa taruka a ƙasashen waje. Kawuna ya ce wannan aikin Turawa ne na raba aure, albashinsa haram ne. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, aikin nan halal ne, albashinsa ma halal ne, bisa sharuɗɗan da zan faɗa.

Kare wanda aka zalunta farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka, azzalumi ne ko wanda aka zalunta, ya kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Nana A'isha ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Da Khansa'u bint Khizam ta kawo ƙarar mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, warware auren Annabi (SAW) ya yi. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, Mukhtasar na Khalil ya ba mace damar neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa bayyananniya, ko da ba a tabbatar da ta maimaitu ba. Wadda aka yi wa fyaɗe babu haddi a kanta, kuma Imamu Malik ya ɗora wa mai laifin biyan sadakin irinta. Duk wannan tun kafin yarjejeniyar CEDAW ta 1979, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan hana nuna wa mata wariya, da ɗaruruwan shekaru.

Abin da ke ci mini rai shi ne mun bar wannan fiƙihu a cikin littafi. An taɓa kawo mini wata baiwar Allah da hannu a ɗaure, mijinta ya karya ta, iyayenta kuma suna so in ce mata ta koma, aure ibada ne, ta yi haƙuri. Haƙuri a kan karaya? Haka yarinya 'yar talla, a lalata ta a kango, sai a taru a zaure a sasanta da kuɗin magani don a rufa asiri, mai laifin ya koma yana jiran ta gaba. Wanda ya tsaya wa irin waɗannan, aikin addini yake yi.

Batun haɗa hannu da waɗanda ba Musulmi ba, hujjarsa Hilful Fudul. Ƙuraishawa sun taru a gidan Abdullahi bin Jud'an tun kafin aike, suka yi alƙawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka. Annabi (SAW) ya halarta, daga baya ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci zai amsa. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta sa ma'auni: a taimaki juna a kan alheri da taƙawa, ban da saɓo da ƙetare iyaka.

Amma tsoron kawunki ba a banza yake ba, kada ki raina shi. A zaurukan tarukan irin waɗannan ƙungiyoyi ana cuɗa abin da shari'a ta yarda da shi da wanda ta ƙi. Akwai masu ɗaukar rabon gado na Suratun Nisa'i a matsayin wariya, akwai masu neman a halatta alaƙa ba aure. Jamhuriyar Nijar ma da ta shiga CEDAW a 1999 sai da ta keɓe wasu sassa da ba ta amince da su ba, Najeriya kuwa ta amince tun 1985. Don haka ki karanta takardar aikinki da kyau. Idan aikinki raka wadda aka cuta zuwa asibiti da kotu ne, ko matsa wa hukumomi su aiwatar da dokar VAPP ta 2015, wato dokar Najeriya ta hana cin zarafin mutane, ki ci gaba. Ranar da aka ce ki tsaya a taro ki kira hukuncin Alƙur'ani zalunci, ki ƙi, ko da aikin zai tafi a kan haka.

Ki riƙe sirrin matan da suka amince miki, kada hoton fuskarsu ya zama abin neman tallafi. Ki bincika kafin ki tuhumi namiji, domin aya ta 6 a Suratul Hujurati ta hana aiki da labarin da ba a tantance ba. Inda sulhu zai yiwu ba tare da mayar da mace cikin haɗari ba, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tura mai sasantawa daga danginsa da danginta.

Tafiya kuwa, mafi aminci ki tafi da muharrami. In bai samu ba, wasu malaman zamani sun sauƙaƙa idan akwai amintattun abokan tafiya da masauki mai tsaro, da yardar miji ko waliyyi. Ki kai wa kawunki wannan amsa cikin ladabi, ki nemi albarkarsa. Wallahu a'alam.