Likita, an yi wa yarona hoton kai an ga ƙari, me ya sa kuma sai an sake wani?

TAMBAYA: Salam Likita, barka da ƙoƙari. Yarona shekararsa ɗaya da wata huɗu, kansa ke ta ƙara girma ga amai da safe ga kuka ba dalili, idonsa ma kamar ƙasa yake kallo. An yi mai hoton CT aka ce akwai ƙari a cikin ramin ruwan ƙwaƙwalwa, wai ƙila kansa ce amma ba su tabbatar ba, yanzu kuma sun ce sai mun yi MRI na kai har da na baya. To ni dai Likita ba cin kuɗi ba ne kuwa? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya ba cin kuɗi ba ne, ki daure a yi.

Kin ga cikin ƙwaƙwalwa akwai ramuka guda 4 da ruwa ke zagayawa, kuma akwai wata 'yar tsoka mai jijiyoyin jini da yawa a cikinsu wadda ita ke samar da ruwan, a babban mutum kusan rabin lita kullum. To idan ƙari ya fito a wannan tsokar sai ya dinga zubo ruwa fiye da kima ko kuma ya toshe hanya, shi ne kan yaro ke kumbura maɗiga ta tashi tunda ƙashin kansa bai gama haɗewa ba. Irin wannan ƙarin yana da matakai 3, na farko mai sauƙi ne ana ce mai fafiloma, sau da yawa in an cire shi duka shikenan, na uku shi ne kansar, koroyid kasinoma, ba kasafai ake samunta ba kuma ƙananan yara ta fi kamawa.

Matsalar ita ce a CT dukkansu kusan kama ɗaya suke, dunƙule mai gurje-gurje kamar farin kabeji wanda ke haske sosai in an yi allurar rini. CT zai nuna ruwa ya taru da jini ko burbushin ƙashi a cikin ƙarin, amma MRI ne ke nuna ko abin ya tsaya a cikin rami ko ya fara cin naman ƙwaƙwalwa, ko gefensa ya kumbura, ko tsakiyarsa ta fara ruɓewa, waɗannan su ke sa likita ya fi zargin cewa kansa ce. Sannan mai tiyata na so ya ga jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin tun kafin ya sa wuƙa, don abu ne mai zubar da jini sosai, jinin yaro ɗan shekara ɗaya kuwa nawa yake gaba ɗaya. Hoton bayan ma da dalili, ruwan nan har laka yake gangarawa don haka ƙwayoyin kansar kan iya bin sa.

Batun ba su tabbatar ba kuma, ni ban ga laifinsu ba wallahi, hoto zato yake bayarwa, sai an ciro tsokar an duba ta a madubin likita sannan a san matakinta. In ta tabbata kansa ce ki gaya musu ko akwai wanda ya yi kansar nono ko ta ƙashi tun yana ƙuruciya a danginki ko na babansa, don wani lokacin tana da alaƙa da gado.

MRI ba shi da tururin da CT ke da shi, sai dai yana ɗaukar lokaci don haka za a ba shi maganin barci, ki tambayi awa nawa zai yi ba ci ba sha kafin nan. Kar a kai shi wajen wanzami a yi mai tsaga a kai, kuma in ya fara jijjiga ko barci ya yi mai nauyi ba ya farkawa, kar ki jira ranar da aka ba ku, ku wuce sashen gaggawa a ranar.